Ina Amfanin Fatoma In Ayari Bai Iso Ba?

A zamanin da, in fatake suka tashi daga ƙasar Hausa za su Gwanja sayen goro, ba su kan shiga garin baƙunta haka kawai su zube kaya a kasuwa ba. Kowane ayari yana da fatomansa a Salaga, daga baya kuma a Kumasi, watau maigidan da zai sauke su, ya ajiye musu kaya, ya nemo masu saye, ya yi musu tafinta, in kuma an ba da bashi shi ne zai tsaya. Fatoma ba shi da albashi. Abin da yake ci la'ada ce, ita kuwa ba ta samuwa sai ciniki ya faɗa. Saboda haka ya fi kowa damuwa da lafiyar hanya da kyan kaya, gama in ayari bai iso ba, ko kuwa ya iso da kayan da ba mai so, to shi ma ranar hannunsa ba zai taɓa kome ba.

Wannan tsohuwar sana'a ita ce gwamnatocin zamani suka ɗauka suka mai da ita aikin ofis. Kusan duk ƙasar da ta ɗauki ciniki da muhimmanci tana da hukumar da ke ajiye ma'aikata a manyan biranen duniya, wani lokaci a cikin ofishin jakadanci, wani lokaci kuma a ofishinsu na kansu. Aikinsu iri biyu ne. Na farko su nemo wa kayan ƙasarsu kasuwa: su san wanda yake saye, da farashin da yake biya, da sharuɗɗan da hukumomin can suka gindaya, su shirya wa 'yan kasuwarsu rumfa a wuraren baje koli, su kuma bincika musu ko mai sayen nan mutumin kirki ne ko macuci. Na biyu su jawo masu dukiya su zo su zuba jari, watau su kafa masana'anta a gida, a sami aikin yi da haraji da sanin makamar sana'a.

Ba a musun cewa Nijeriya tana bukatar irin waɗannan ofisoshi, tun da har yanzu man fetur ne yake kawo mafi yawan kuɗin da take samu daga waje. Abin tambaya shi ne da wane ma'auni za a auna su. Ma'aikacin gwamnati a Abuja yana iya ƙidaya tarurrukan da aka yi da takardun fahimtar juna da aka sa wa hannu, ya ce aiki ya yi kyau. Amma ma'aunin gaskiya yana can ƙasar Gobir, a Isa da Sabon Birni, inda ake kiwon jar akuyar da duniya ta daɗe da sanin fatarta, ake kuma noma wake da albasa a fadamun Rima da Bunsuru da Gagare. Ofishin waje da aikinsa bai taɓa aljihun makiyayi da manomin wannan yanki ba, fatoma ne wanda ba shi da ayari.

Ya kamata a fara da fata, domin ita ce ta fi nuna asarar da rashin wakili yake jawowa. Shekaru aru-aru majema na ƙasar Sakkwato da Kano suna jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, raƙuma su ƙetare Sahara da ita zuwa biranen Afirka ta Arewa. Daga can Turawa suke sayenta, don haka suka laƙaba mata sunan Maroko, alhali kuwa da yawa daga cikinta ba a Maroko aka haifi akuyar ba, ba a can aka fiɗe ta ba, ba kuma a can aka jeme ta ba. Masu ɗaure littattafai masu tsada da masu ɗinkin takalma da safar hannu sun san darajarta saboda laushinta da ƙarfinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai kaya ba shi da bakin da zai yi magana da yawunsa a kasuwar ƙarshe, sai wani ya ɗauke sunan, ya haɗa da ribar.

Zamanin Turawa hanya ta juya daga arewa ta koma kudu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, fatu da ƙiraga na gabashin Sakkwato suka riƙa bi ta Shinkafi zuwa tasha, daga nan sai bakin teku. Kamfanoni irin su John Holt da U.A.C. su ne suke saye su kai Turai. A wancan lokaci ne ma'aikatan dabbobi suka matsa a daina shanya fata a ƙasa cikin rana, a riƙa ɗaure ta a inuwa, aka kuma sa malaman fata suna bin mahauta suna duba fiɗa. Ba don ƙaunar talaka aka yi haka ba, an yi ne domin mai saye a Ingila ya yi ƙorafi, ƙorafin nan kuwa ya biyo hanya har ya iso mahautar ƙauye. Abin lura a nan shi ne labari yana tafiya daga kasuwar waje zuwa hannun mai wuƙa, kaya kuma suna gyaruwa saboda shi.

Akwai kuma darasi na biyu daga wannan zamani, mai ɗaci. A 1947 aka kafa kamfanin sayar da amfanin gonar Nijeriya a London, wanda yake sayar da koko, daga baya har da gyaɗa da auduga da manja, a madadin hukumomin ciniki na gida. Ofis ne da ya san farashin duniya sarai, ya kuma san masu saye. Amma manomin da ya kai gyaɗarsa kan sikeli farashin da hukuma ta yanka kaɗai yake ji, rarar kuwa tana zama a hannun hukuma. An yi wasu ayyukan raya ƙasa da kuɗin, ba a musu, sai dai manomi bai taɓa sanin abin da guminsa ya kai a Turai ba, har aka rushe hukumomin a 1986. Watau ana iya samun fatoma gwani, amma in ba ga mai kaya yake ba da lissafi ba, gwanintarsa wani take yi wa amfani.

Ƙasashen da suka ci ribar wannan aiki ba da ƙawa suka fara ba. Japan ta kafa hukumarta ta JETRO a 1958, Koriya ta Kudu ta kafa KOTRA a 1962, dukansu biyu kuwa suna da ofis a Ikko. Lokacin da aka kafa KOTRA, Koriya matalauciyar ƙasa ce, abin da take sayarwa bai wuce ma'adinai da kifi da ɗanyar siliki ba, daga baya aka shiga gashin kanti da falankin katako da tufafi. Sai a 1964 cinikinta na waje ya kai dala miliyan 100. Tun daga 1965 Shugaba Park Chung Hee da kansa yake zama taron wata-wata da ministoci da 'yan kasuwa, a karanta abin da aka sayar, a ji abin da ya hana, a ba da umarnin gyara nan take. A 1977 cinikin ya kai dala miliyan 10,000. Ofisoshin waje sun taimaka ƙwarai, amma sun taimaka ne don akwai kunnen da yake sauraron rahotonsu a gida, da hannun da yake aikatawa.

Ta fuskar jawo jari kuwa, Ayalan ce abin misali. Ta kafa hukumar raya masana'antu ta IDA a 1949, ma'aikatanta suka riƙa bin kamfanonin Amurka ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofa. Amma kafin su yi wa kowa tayi, an riga an tanadi fili, wani lokaci har an gina rumfar masana'antar tana jiran mai shiga, an sauƙaƙa haraji, an kuma horar da samari. Da haka Apple ya sauka a birnin Cork a 1980, Intel kuma ya biyo baya a 1989. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'in da yake waje alkawari yake ɗauka, waɗanda suke gida su ne masu cikawa.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba wajen kafa hukumomi. A 1976 aka kafa Hukumar Ƙarfafa Sayar da Kayan Nijeriya a Ƙasashen Waje, wadda aka fi sani da NEPC, a 1995 kuma aka kafa Hukumar Ƙarfafa Zuba Jari, watau NIPC. Daga 2022 NEPC ta buɗe gidajen ciniki a Alƙahira da Lome da Nairobi, da kuma lardin Hunan na ƙasar Sin, domin 'yan kasuwa su sami inda za su ajiye samfurin kayansu su sadu da masu saye. Wannan tunani ne mai kyau, kuma ya yi kama da gidan fatoma fiye da duk abin da aka yi a baya. Sai dai kafin kayan Isa da Sabon Birni su hau kantar ɗaya daga cikin gidajen nan, akwai shingaye uku a gabansu, babu kuwa ko ɗaya da yake a ƙasar waje.

Shinge na farko ingancin kaya ne. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun guba irin ta fiya-fiya a cikinsa fiye da yadda dokarsu ta yarda, aka kuma yi ta tsawaita hanin shekara da shekaru. Mai ajiyar wake da ya zuba maganin yana tsoron ƙwari ne kada su cinye masa jari, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ya yi a shagonsa zai rufe wa ƙasa duka kasuwa. Gargaɗi kuwa ya daɗe yana fitowa daga Turai kafin a yanke hukunci. Da akwai igiyar da ta haɗa jami'in ciniki na can da malamin gona na ƙaramar hukuma, da an yi riga-kafi. Haka abin yake ga fata. Wuƙa ɗaya da ta zarce wajen fiɗa, ko jinkirin sa gishiri, ya isa ya sauko da ita daga daraja ta ɗaya zuwa ta ƙasa, mahaucin kuwa ba zai damu ba muddin kuɗi ɗaya dillali yake biya wa mai kyau da marar kyau.

Shinge na biyu, wanda ya fi kowanne tsanani, rashin zaman lafiya ne. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni cikin yini guda. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don a toshe wa ɓarayin hanyar sadarwa. A watan Disamba na wannan shekara aka ƙone matafiya fiye da ashirin cikin mota kusa da Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi. Dubban mutane sun tsere zuwa jihar Maraɗi, an kore dabbobi, an ɗora wa ƙauyuka harajin zalunci kafin su yi noma. Akuyar da aka sace ba ta ba mai ita fata, gonar da aka gudu aka bari ba ta ba da wake. Wane jami'i ne kuma zai dubi idon mai masana'antar takalma a Italiya ya ce masa ya kawo dukiyarsa inda basarake bai tsira a kan hanya ba?

Habasha ta ga irin wannan. A 2011 Firayim Minista Meles Zenawi ya gayyaci kamfanin takalma na Huajian daga ƙasar Sin, a farkon 2012 kamfanin ya fara aiki kusa da Addis Ababa, ya ɗauki dubban ma'aikata, yana amfani da fatar ƙasar yana sayar da takalma a Amurka. Duniya ta yi ta yabo. Amma da yaƙi ya ɓarke a yankin Tigray, Amurka ta cire Habasha daga tsarin AGOA mai yafe kuɗin fito tun daga Janairu 2022, masana'antu da yawa suka rage ma'aikata. Abin da lallashi ya gina cikin shekara goma, fitina ta girgiza shi cikin ƙanƙanen lokaci.

Shinge na uku iyaka ce. Ga mutumin Sabon Birni, ƙasar waje ba London ba ce, ba kuma Hunan ba. Maraɗi ce da Madawa da Tsibiri, inda 'yan'uwansa Gobirawa suke, harshe ɗaya, aure ɗaya, kasuwa ɗaya, har akuyar ma iri ɗaya ce, can ana ce mata jar akuyar Maraɗi. Duk da haka an rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Nijar, a watan Janairu na 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Kowace rufewa albasa ce take ruɓewa a mota, bashi ne yake karyewa, amana ce take lalacewa tsakanin abokan ciniki. Abin mamaki ne a ce ana neman kasuwa a nisan dubban mil, ga wadda take bakin ƙofa ba ta da mai kula da ita, alhali tun 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai.

Wasu za su ce, tun da haka ne a rufe ofisoshin a huta, a kashe kuɗin a kan tsaro da hanyoyi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin hayar gida da albashi a ƙasar waje da kuɗin waje ake biya, kuma an sha ganin tawaga ta tafi baje koli jami'ai sun fi 'yan kasuwa yawa. Amma rufewa ba magani ba ce. Babban kamfanin jima na Challawa ko Sharaɗa a Kano yana iya tura wakilinsa baje kolin fata na Lineapelle a Milan da kuɗin aljihunsa. Ƙaramin ɗan kasuwa da ƙungiyar manoma ba za su iya ba, su ne kuwa aka kafa hukuma dominsu. In aka rufe ofis, manya za su ci gaba da cinikinsu, ƙanana su koma hannun ɗan tsakiya, watau a sake maimaita labarin Maroko. Gyara ake bukata, gyaran kuwa ba boyayye ba ne.

Da fari, a auna kowane ofis da ma'aunin fatoma. A ƙarshen shekara ya bayyana wa Majalisa da jama'a cinikin da ya ƙulla, da kayan da aka saya, da jihar da suka fito, da jarin da ya sauka ƙasa aka ga gini, ba wanda aka yi alkawarinsa a ɗakin taro ba. Wanda ya yi shekaru bai kawo kome ba a mai da shi inda zai yi amfani. Na biyu, a tura waɗanda suka san kaya. Jami'in da zai sayar da fata ya kamata ya taɓa shiga majema, ya iya bambanta daraja da hannunsa. Ga cibiyar nazarin fata a Samaru ta Zariya tana yaye irin waɗannan mutane. Muƙamin jami'in ciniki ba ladan biyayya ba ne, ba kuma wurin hutun wanda ya kusa barin aiki ba.

Na uku, labari ya riƙa dawowa gida cikin harshen da mai kaya yake ji. Rahoton da aka rubuta da Turanci aka sa a fayil a Abuja bai isa Isa ba. Farashin fata da wake da albasa a kasuwannin waje, da sharuɗɗan masu saye, a riƙa karanta su da Hausa a gidan Rediyon Rima, a kai su ga sarakunan fawa da shugabannin manoma, a kuma dawo da malaman fata mahauta, tare da tabbatar da cewa mai fata mai kyau ya fi samun kuɗi. Na huɗu, a ba kasuwar maƙwabta haƙƙinta: a ajiye jami'an ciniki masu jin Hausa da Faransanci a Maraɗi da Birnin Ƙonni, waɗanda za su san dokokin kwastan na ɓangarorin biyu, su warware rigima tun tana ƙarama. Na biyar, a yi wa sunan fatar jar akuyar Sakkwato rajista da kariya ta doka, yadda duk wanda ya saye ta a ko'ina zai san asalinta.

Gwamnatin Jihar Sakkwato ma tana da nata kason. Mai zuba jari ba ƙasa yake sauka ba, gari yake sauka, yana tambayar fili da ruwa da lantarki da hanya da kotun da za ta bi masa hakkinsa. In jami'in waje ya samo mai son kafa majema ko rumbun adana albasa, tilas a sami wanda zai amsa masa waɗannan tambayoyi cikin kwanaki kaɗan, da gaskiya, ba tare da ɓoye halin tsaro ba. Ƙarya ɗaya da aka yi wa baƙo takan bi shi gida, ta hana goma zuwa. Ɗalibai kuma da suke karatun tattalin arziki da kiwon dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran makarantu su sani cewa wannan fage nasu ne, gama gobe su ne za su zauna a kujerun, na waje da na gida.

Amma duk wannan yana bayan abu guda. Madugu ba ya tayar da ayari sai ya tabbata hanya ta yi lafiya, fatoma kuwa ba ya kiran masu saye sai ya hango ƙurar jakuna. Aikin farko na ƙarfafa cinikin waje a ƙasar Gobir shi ne mota ta tashi daga Sabon Birni ta bi ta Isa ta isa Shinkafi ba tare da fasinja sun riƙe numfashi ba, makiyayi ya kwana da awakinsa a gida, manomi ya girbe wakensa bai biya ɗan bindiga ba. Ranar da aka sami haka, jami'in da yake Alƙahira ko Hunan zai sami abin da zai ɗora a kanta, ya kuma sami bakin magana. Allah Ya kawo wa ƙasar Gobir zaman lafiya, Ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da yake wuyansu, amin.